Ruwan Gindin Lemun Tsami

Mora mai gyaran wayoyi ne a bakin kasuwar Arzeke, nan Faraku, kuma irin mutanen nan ne da hannunsu ba ya zama wuri ɗaya. In ka kai masa rediyo ya sa maka batir, sai ka dawo ka tarar ya farke cikinta yana neman abin da bai ɓata ba. Da gwiwoyin mahaifiyarsa, Inna Bunyo, suka fara ciwo, ya ga yadda take jan guga tana nishi don ta shayar da lambun bayan gida, sai ya rantse ba za ta ƙara ɗaukar bokiti ba. Lambun zai riƙa shayar da kansa.

Ya jira ta tafi Ndali kula da ƙanwarsa da ta haihu, sannan ya baje tarkacensa. Ya kafa farantin sola a kan rufin ɗakin girki. Ya samo batirin mota na hannu, ya zura ɗan famfo cikin rijiya, ya shimfiɗa siraran tiyo tsakanin kunyoyin latas da attaruhu da alayyahu, ya bi su yana hudawa da allura mai zafi. Ƙwaƙwalwar abin wani ɗan allo ne da bai fi kwalin ashana ba, wanda aka aiko masa daga Kwatano. Daga jikin allon wata siririyar waya ta fito, a bakinta akwai ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da ake sokawa a ƙasa. Mora ya sa masa suna harshe, don shi ke ɗanɗana ƙasar. In ya ji ta bushe sai ya sanar da allo, allo ya tada famfo. In ya ji danshi, famfo ya ci gaba da barcinsa, saƙo kuma ya shigo wayar Mora ko yana ina.

Zafin rana na cin batir, don haka ya ajiye akwatin kayan a inuwar tsohon lemun tsamin da ke jikin katanga. Wayar harshen gajeruwa ce, kuma rowa ta hana shi sayen doguwa. Sai ya soka shi nan kusa, a gindin lemon, inda ƙarshen tiyo ke ɗiga.

Abu kuwa ya yi aiki, abin haushi ga masu jiran ya faɗi. Shugabansu shi ne Afuda, maƙwabcinsa na bayan katanga. Afuda ɗan ƙabilar Nago ne, iyayensa mutanen garin Save, yana sayar da fetur a kwalabe a bakin titi, yana kuma ba masu lambun bakin kogin Okpara hayar injinan ban-ruwa. Tsakanin Bariba, ƙabilar su Mora, da Nago kuwa akwai wasan barkwanci, ba a gaisuwa sai da zagi, haka muka taso muka tarar. Waɗannan biyun sun wuce ma haka. Tare suka yi wasan ƙasa, Afuda ne ya riƙe kan makarar mahaifin Mora, kuma ba ya sallama in zai shiga gidan, ta katanga yake leƙowa. Mora ba shi da wani aboki kamarsa a duniya.

"Kai bawana! Wannan bolar da ka tara, yaushe za ta tashi sama?" Haka kan Afuda zai bayyana a saman katanga da zarar famfon ya fara gurnani.

"Ranar da ka daina sayar wa mutane ruwan kwata da sunan fetur, ɓarawon Nago."

"Bariba da ilmi! Ku da ba ku iya komai ba sai dakan sakwara. Bari damina ta zo, aradu ta yi maka gyara."

Labari ya kai bakin kogi. Wata rana da la'asar wasu masu lambu suka zo gani da ido, a gabansu tsoho Sero, wanda duk abin da ya saya sai sauran sun saya. Suka zagaya, suka taɓa tiyo, suka leƙa rijiya. Sero ya tambaya ko za a iya yi musu irinsa, don fetur ya ishe su. Afuda yana wurin, ya tsallako katanga yana cin gyaɗa. Ya tsuguna a gindin lemo ya zare harshen ya ɗaga shi sama.

"Wannan ɗan cokalin ne sarkin gidan?"

"Mayar da shi, jahili. In ya ji danshi famfo ba zai tashi ba."

"Ko da sauran lambun na ƙonewa?"

"Shi abin da ke bakinsa ya sani."

Afuda ya bushe da dariya. "Jama'a kun ji? Ashe da kofin ruwa ɗaya zan kashe wa bawan nan sana'a!"

Kowa ya yi dariya, har Mora. A makon ne Inna Bunyo ta dawo daga Ndali da ƙunshin cuku da doya. Ya kama hannunta ya zagaya da ita lambun, ya nuna mata ruwa na ɗiga ba guga ba bokiti, ya ce daga yau aikinta ya ƙare. Ta dubi farantin da ke kan rufi, ta dubi akwatin da ke ƙarƙashin lemo, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Don kada ta saɓa, ya kwance gugan ya rataye bokitan can sama inda hannunta ba ya kaiwa.

Ba a jima ba famfo ya yi shiru.

Mora ya dawo daga kasuwa ya tarar latas ya kwanta, ganyen attaruhu ya sunkuyar da kai. Tunaninsa na farko wuta ce. Ya hau rufi ya goge farantin, ya auna batir. Ya bi wayar tun daga rufi har akwati yana shafawa da yatsa, ko wani ya fere ta ya ja wuta. Ya tsare matarsa Dado da tambaya, ko tana cajin wayarta a nan in ba ya gida.

"Ni? Wannan akwatin da ko shara ban yi kusa da shi don kada ka ce na numfasa masa? Ka nemi wani dai."

Ya sa wa akwatin kwaɗo. Kashegari ma shiru. Batir kuwa cike yake fal, kuma in ya danna maɓalli da hannunsa famfon tashi yake lafiya lau. Sai a lokacin ya kula da abin da wayarsa ke ta faɗa masa tun farko: akwai danshi. Ya tsuguna a gindin lemo ya tura yatsa. Ƙasar a jiƙe take, sanyi ƙalau, alhali kunyar da ke gefe ta tsattsage. Ya duba ƙarshen tiyo ko yana yoyo, ya tarar da shi a bushe. Jiƙon ma ba irin na ɗiga ba ne. Zagaye ne, daidai kan harshen, har da ɗan ramin da ruwa ke yi in an kwarara shi daga sama.

Ya daɗe a tsugune. Wani ne ke zuba ruwan, kuma wanda ya san inda zai zuba.

Lambun ba zai mutu ba, tunda yana iya danna maɓallin kowace yamma. Yana ma iya zare harshen ya sauya masa wuri. Amma Mora ya ce a ransa, wanda ya bi shi nan zai bi shi can, kuma shi ba harshen ne ya dame shi ba, hannun da ke riƙe da kofin yake so ya gani. Zargi kuwa in ya shiga mutum ba ya barinsa ya ci abinci da daɗi. Kofin ruwa ɗaya. Maganar ta riƙa dawo masa yana tsaka da liƙa dalma a shago, har ya ƙona wa wata mata allon waya.

Ya tambayi tsohuwar, ita da ke wuni a gida. "Inna, kina ganin wani na shiga lambu in na fita?"

"Wani? Ban ga wani ba," ta ce, tana tsinke ganye.

Ya ce a ransa ai dama idonta ya yi rauni. Ya koma jikin katanga ya ga inda siminti ya goge, daidai wurin da Afuda ke dafawa. Wurin ya fi shekara ashirin a goge, amma ranar sai ya zama masa sabo. Ya tuna Afuda ya ƙaro inji a bana. Ya tuna yadda ya tambaya, ko da sauran lambun na ƙonewa? Mai wasa ba ya tambaya dalla-dalla haka. Da yamma kan Afuda ya bayyana kamar kullum.

"Bawana, na ji shiru kwana biyu. Aljanin naka ya yi yaji ne, ko ba ka ba shi sakwara?"

Mora ya buɗe baki zai rama, zagin ya ƙi fitowa. Ya ce, "Kai ka ji shirun da sauri haka?"

"Yo ba ni da kunne? Kawo in ba ka hayar inji, zan yi maka ragin bayi."

Dado ta lura. Ta same shi yana zaune ya zuba wa katanga ido, ta ce, "Baban yara, na san abin da ke ranka, kuma ka cire shi. Mutumin da ya kwana a asibiti ranar da aka yi maka aiki?"

"Ke ba ki san abin da neman abinci ke sa mutum ba."

"Na dai san ka. In ka ƙulla abu sai ka ɗaure kanka da shi."

Abin da ya ƙarasa shi Sero ne. Tsohon ya biyo ta shago ya ce sun ɗan dakata da maganar, don Afuda ya ce musu na'urar tana aiki ne ranar da ta ga dama. Sero yana dariya ya faɗa, don ya san irin bakin da ke tsakaninsu. Mora bai yi dariya ba. Ya rufe shago rana tsaka, ya hau babur.

Teburin Afuda cike yake da 'yan acaba masu jiran a zuba musu mai, ga masu cin wake da gari a rumfar gefe. Afuda na hango shi ya ɗaga mazurari. "Ku buɗe hanya, ga injiniyan Bariba! An zo hayar inji ke nan?"

"Kai ke zuba ruwa a gindin lemona."

"Ni ne mana! Da butar kakanka nake zubawa, ita ma sato ta na yi."

Aka kwashe da dariya. Mora ya sauka daga babur. Ya ɗaga murya yadda har masu wake za su ji.

"Ba wasa na zo yi ba, Afuda. Kana tsallaka min katanga in na fita, kana jiƙa harshen don famfo ya ƙi tashi, sannan ka je bakin kogi ka ce abina ba ya aiki. Don hayar injinka. Wallahi ban taɓa zaton munafurcinka ya kai nan ba."

Dariyar ta mutu. A nan ƙasar kana iya kiran abokin wasanka bawa, ɓarawo, ɗan mayya, ya rama, a tashi lafiya. Amma ba a sa wallahi a ciki, ba a kuma kiransa da sunan yanka ana zarginsa. Wani dattijon ɗan acaba ya ce, "Subhanallahi, Mora, Nagonka ne fa." Afuda ya ajiye mazurarin a hankali. Ya dubi Mora kamar yana jiran ya fashe da dariya, bai ga alama ba.

"Ka gama?" ya ce.

"Na gama."

"To, sauka lafiya."

Mora ya koma gida yana jin ya sauke kaya, ya ce yanzu dai an ji kunya, za a daina. Kashegari da yamma ya tura yatsa a gindin lemo, ya ji sanyi. Ransa ya ƙara ɓaci. Wato har taurin kai! Washegari ya fita da babur kamar kullum, ya ajiye shi wurin mai faci a bakin layi, ya dawo da ƙafa ta ƙofar baya, ya shige ɗakin ajiyar doya. Ta ƙaramar tagar ana ganin lemon da katangar duka. Ya saita wayarsa don ɗaukar hoto, ya jira.

Dado ta fita kai yara makaranta. Hantsi ya ɗaga. Katanga shiru, ko ƙadangare bai hau ba. Sai ya ji jan takalmi daga cikin gida.

Inna Bunyo ce, tana dogara sanda da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da 'yar ƙwarya da ta ɗebo a randar ɗakinta. Tana tafe tana waige-waige. Da ta isa gindin lemo sai ta jingina sandar, ta dafa itacen, ta sunkuya da ƙyar, gwiwoyin na ƙara. Ta yi 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, ya ji sunansa a ciki. Sannan ta kwarara ruwan daidai kan harshen.

"Inna!"

Ƙwaryar ta kusa suɓuce mata. Ya fito yana kakkaɓe ƙurar doya, kunya da haushi sun haɗe masa.

"Ke ce? Duk kwanakin nan ke ce? Na tambaye ki fa!"

"Ka tambaye ni wani. Rage murya." Ta dubi katanga, ta jawo hannun rigarsa har kunnensa ya zo daidai bakinta. "Mabiyiyarka na nan ƙasa, da guntun cibiyarka. Ni da kakarka muka binne, ta dasa lemon a kai. Tun ranar ban taɓa barin wurin ya kwana da ƙishi ba in ina garin. Da ina shayar da lambu duka, wa zai gane? Kai ka kwance min guga."

"Don me ba ki faɗa min ba?"

"Ba a faɗa. Ko ubanka bai san wurin ba har ya koma ga Allah. In maƙiyi ya sani, tonowa zai yi, ya gama da kai daga nesa. Da na dawo na ga ka soka ƙarfe a kai, kwana na yi ban runtsa ba. Na ce bari in ƙara ruwan, ya yi maka sanyi." Ta matse hannunsa, yatsunta duk ƙashi. "Yanzu ka sani, ba da sona ba. Ka rantse min ba za ta fita bakinka ba. Ko Dado. Ko wa."

"Inna, na yi wa Afuda ƙazafi a gaban mutane. Dole in faɗa musu."

"Ka ba shi haƙuri. Amma in ka ce uwarka na zuba ruwa a gindin lemo kullum, akwai tsohuwar da ba za ta gane ba a unguwar nan? Rantse."

Mora mutumin waya da dalma ne, bai yarda wani na iya cutar da shi da abin da ƙasa ta cinye tun tuni ba. Amma ya dube ta, ya tuna da waɗannan gwiwoyin ta yi ta zuwa nan tun bai san kansa ba. Ya rantse.

Bai tsaya ɗaukar babur ba, da ƙafa ya tafi, ya sayi goro a hanya. 'Yan acaban na nan, har da dattijon. Afuda ya gan shi, ya tashi, ya jawo benci ya goge shi da tsumma.

"Sannu da zuwa, Malam Mora. Bismillah, zauna. A kawo ruwa?"

Tun suna yara Afuda bai taɓa ba shi wurin zama ba, sai dai ya janye in zai zauna. Mora ya dubi bencin. Ya ƙi zama. Ya ajiye goron a teburi, ya juya ga mutane.

"Jama'a, a gabanku na yi, a gabanku zan janye. Ba Afuda ba ne. Na zalunce shi. Kuskurena ne, na soka harshen inda bai dace ba." Ya juyo. "Ka yafe min, ubangidana. Ni ne bawan yau."

Wasu suka yi murmushi, don ya buɗe ƙofar wasa, saura a shigo. Afuda bai shigo ba.

"Na yafe. Amma ka ce ka ga ruwa an kwarara. Ƙarya ka yi?"

"A'a. An kwarara."

"Wa ya kwarara?"

Mora ya dubi kwalaben fetur, ya dubi ƙasa. "Ba zan iya faɗa ba."

"Ka san shi?"

"Na sani."

Afuda ya gyaɗa kai a hankali. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da ya fi sauƙi. "Na gane. Na gida ne, shi ya sa ake rufa masa asiri. Daidai ne, haka ake yi wa na gida." Ya ɗauki mazurari. "Ni dai da na ɗauka ina cikinsu."

Ya juya ya ci gaba da zuba wa wani mai. Goron na nan a teburi har Mora ya bar wurin.

Da yamma ya sayo doguwar wayar da rowa ta hana shi saye tun farko. Ya zare harshen daga gindin lemo, ya shafe ramin da tafin hannu, ya kai shi tsakiyar kunyar latas ya soka. Ko miƙewa bai yi ba famfo ya tashi da gurnaninsa, tiyo suka kumbura, ruwa ya fara ɗiga layi-layi. Abin ya yi aiki yadda ya tsara shi, ba kuskure ko ɗaya.

Ya juya ga katanga, ya tsaya yana jira. Can sai ya ji motsi, kan Afuda ya bayyana a wurin da simintin ya goge. Ya dubi ruwan, ya dubi Mora. Mora na roƙon Allah a ransa a kira shi bawa, a zagi kakansa, a ce bola ce.

"Ya yi kyau, Malam Mora," in ji Afuda. "Allah ya sanya alheri."

Kan ya sauka. Famfon ya ci gaba da aiki.